Yaron da Jikinsa Ya Makara: Nazarin Lamarin Wani Ɗalibi Mai Shekara 14

Takardar da makarantar ta aika wa iyayen ba ta da tsawo. Ta ce ɗansu ya soma fashin makaranta, yana barci a aji, makinsa ya zube a lissafi da kimiyya, sannan ya zagi malamin motsa jiki a gaban 'yan ajinsu. Ta rufe da gargaɗin cewa muddin bai gyara halinsa ba kafin ƙarshen zango, za a dakatar da shi. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. Aibinta shi ne ta ɗauko labarin daga wutsiya, kuma kusan duk babban da ya karanta ta a nan ya tsaya ya yanke hukunci.

Aikina ba ɗalibai shawara ne, ta nan lamarin ya iso gare ni. Na cire suna da duk wata alama da za ta sa a gane yaron ko gidansu. Na ga ya dace in rubuta shi dalla-dalla saboda irinsa na da yawa, kuma galibi hanya ɗaya ake bi wajen yi masa mummunar fahimta.

Gidan da ya fito

Shekararsa 14 da 'yan watanni. Shi ne na biyu cikin 'ya'ya uku: yayarsa mace tana da shekara 17, ƙaninsa 12. Iyayen suna tare, dukansu suna aiki, ba gidan rigima ba ne, ba kuma gidan rashi ba. Har zuwa shekarar da ta gabata babu malamin da ya taɓa kawo ƙararsa. Ba shi ne na ɗaya a aji ba, amma yana cikin waɗanda ake sa rai da su. Yaro ne mai surutu, mai son ƙwallo, wanda ke rigan kowa ɗaga hannu ko da bai tabbatar da amsar ba.

Canjin bai zo dare ɗaya ba. Uwar ta ce shiru ne ya fara. Ya daina ba da labarin makaranta, ya daina fita ƙwallo, yana shigewa ɗaki tun da wuri. Daga baya sai ƙorafin ciwon ciki da ciwon kai da sassafe, waɗanda kafin hantsi sun warke. Sai faɗa da ƙaninsa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ranar da uban ya ji warin taba a rigarsa, a ranar ya gama haɗa lissafinsa: miyagun abokai, ƙila ma har da shaye-shaye.

Abin da uban ya yi shi ne abin da iyaye da yawa za su yi cikin tsoro. Ya ƙwace wayar, ya karanta saƙonnin da ke ciki a gabansa, ya yi masa dukan da ya daɗe bai yi ba, ya hana shi fita. Da muka zauna, ya ce da ni, "Malam, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In na zuba masa ido yanzu, nan da shekara biyu ba ni da ta cewa." Ban ga mugunta a tare da mutumin nan ba, firgita na gani. Sai dai bayan dukan, fashin makaranta ƙaruwa ya yi. Yaron ya samo wata tsohuwar waya daga hannun aboki ya ɓoye cikin takalmi. Uwar ta gano, ta yi shiru don kada a sake dukansa, gidan ya rabu biyu ba tare da kowa ya furta ba.

Abin da rajista ta nuna

Kafin in gana da yaron na nemi rajistar ajinsu, domin takardar ta ce yana fashi amma ba ta ce yaushe ba. Da na jera ranakun, sai ga shi kusan dukansu Talata ne da Alhamis. Na tambayi malamin aji me ke faruwa a waɗannan ranaku da ba ya faruwa a sauran. Ya ɗan yi tunani, ya ce ranakun motsa jiki ne, ranakun da maza ke shiga ɗaki ɗaya su sauya kaya. Ruwa ba ya tsami banza. Yaron da a da ba a iya raba shi da filin ƙwallo, shi ne yanzu ke gudun ranar wasa.

Da ya shigo ofis na gane rabin amsar tun kafin ya zauna. Wanda bai san shi ba zai ba shi shekara 11. Sa'o'insa sun miƙe, kafaɗu sun buɗe, murya ta fashe, wasu har gashin baki ya soma yi musu duhu. Shi kuwa fuskarsa da muryarsa na ƙuruciya ne. Ana zafi, amma a ƙarƙashin rigar makaranta na hango wuyan singileti har biyu. Sai daga baya ya gaya mini yana haɗa su ne don ƙirjinsa ya ɗan yi faɗi.

Zaman farko bai haifar da komai ba sai "ba komai" da "ban sani ba". Abu ɗaya na tabbatar ya ji kafin ya fita: abin da zai faɗa mini ba zai fita daga ɗakin ba, sai fa idan rayuwarsa ko ta wani na cikin haɗari, kuma ko a wannan hali sai na fara gaya masa kafin in gaya wa kowa. Matashi ba ya buɗe baki sai ya san iyakar sirrin, kuma ba daidai ba ne a yi masa alkawarin da ba za a iya cikawa ba. A zaman da suka biyo na bi tsarin tambayoyin da likitocin matasa suka saba bi, wanda Goldenring da Cohen suka wallafa a 1988: a fara da gida, a wuce makaranta, sannan abokai da harkokin yau da kullum, sai a ƙarshe a zo kan masu nauyi irin su shaye-shaye da baƙin ciki. Hikimar ita ce kada tambayar da aka fi tsoro ta zama ta farko.

Da maganar ta ɓalle, ta wajen ƙaninsa ta ɓalle. Yaron mai shekara 12 ya kamo shi a tsawo, har ya soma wuce shi. Baƙi in sun zo gida sai su tambaya, "Wai wane ne babba a cikinku?" a yi dariya. Uwar ta saba duk shekara ta tsayar da su a jikin ƙofar ɗaki ta ja layi da fensir daidai kan kowa. Wata rana ta tarar an goge layukan duka, har fenti ya kankare. Ta yi faɗa a kan ɓata ƙofa. Ba ta tambayi dalili ba, shi ma bai faɗa ba.

A makaranta abin ya fi muni. Wani ɗan ajinsu ya naɗi muryarsa yana karatu a gaban aji, ya ƙara mata sauri ta ƙara sirancewa, ya tura rukunin WhatsApp na ajin. Daga ranar sunansa ya koma "Jariri". A ɗakin sauya kaya sukan riƙe masa riga su yi ta jifa da ita tsakaninsu. Ranar da ya zagi malamin motsa jiki, ya ƙi cire riga ne, malamin ya ce, "Kai ɗan ƙarami, cire mana, me kake ɓoyewa?" Ajin ya fashe da dariya, zagin ya kuɓuce masa. Takardar makaranta ta rubuta zagin, ba ta rubuta jimlar da ta gabace shi ba.

Ita kuma tabar, a ranakun da ya ƙi shiga makaranta yakan zauna wajen wasu samari da suka girme shi, waɗanda sun bar karatu. Suna aikensa, yana zuwa. Su ba sa kiransa Jariri. Da aka miƙa masa karan sigari ya karɓa, ya ce, "Don kada su ce ni yaro ne." Laurence Steinberg da Margo Gardner sun nuna a 2005, ta hanyar wasan tuƙin mota a kwamfuta, cewa matasa na ƙara yin kasada ƙwarai in sa'o'insu na kallo, alhali manya ba su cika canzawa ba. To ina ga yaron da ke neman inda za a ɗauke shi a matsayin namiji ko ta halin ƙaƙa?

Na tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin cutar da kansa. Iyaye da malamai da yawa na tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar za ta sa masa tunanin a rai, amma bincike ya nuna yin tambayar ba ya haifar da hakan, rashin yinta ne ke barin yaro shi kaɗai da abin da ke cinsa. Ya ce bai taɓa shirya komai ba, amma akwai daren da yakan so a ce gari bai waye ba. Na ɗauki maganar da nauyinta. Muka amince da shi cewa uwarsa za ta ji, kuma za a faɗa wa likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma da yawansu babu wanda ya gano.

Wajen likita

Na nemi iyayen su kai shi wajen likitan yara, na kuma roƙi uban ya je da kansa. Dalilin da ya sa na dage a kan zuwansa zai bayyana nan gaba.

A ilimin likita, balaga kan fara wa 'yan mata tsakanin shekara 8 da 13, maza kuma tsakanin 9 da 14. Wannan tazara ce mai faɗi ƙwarai, kuma aji ɗaya na ɗaukar duka ɓangarorinta. Likitan yara na Birtaniya James Tanner da abokin aikinsa W. A. Marshall, waɗanda suka bi diddigin girman yara shekara da shekaru, su ne suka kasa balaga matakai biyar, suka wallafa na mata a 1969, na maza a 1970. Abin da aikinsu ya fito da shi fili shi ne yara biyu masu shekara 14, dukansu lafiyayyu, ɗaya na iya kasancewa ya kusa kammalawa, ɗayan bai ko fara ba. A wajen namiji alamar farko ba murya ba ce, ba kuma tsawo ba. Girman 'ya'yan maraina ne, wanda likita ke aunawa, kuma in ya kai mililita 4 an ce balaga ta fara. Miƙewar tsawo sai can gaba take zuwa, shi ya sa maza ke bin bayan mata da kusan shekara biyu a wannan fanni. Namijin da ya cika 14 ba tare da wannan alama ta farko ba, shi ake cewa balagarsa ta yi jinkiri.

Jinkirin na da dalilai, kuma aikin likita shi ne ya tantance. Ciwo mai daɗewa kamar sikila, ciwon ƙoda ko ciwon hanji na iya jawo shi. Haka ƙarancin abinci mai gina jiki, da raunin aikin maƙoƙon wuya da ake kira tayirod. Akwai kuma larurorin da ake haihuwar yaro da su. Yaron ya yi mamaki da likitar ta tambaye shi ko yana jin ƙanshi da wari sosai. Tambayar na da dalili: akwai larurar Kallmann, wadda ke haɗa rashin jin ƙanshi da rashin balaga. An ɗebi jini, an kuma ɗauki hoton ƙashin hannunsa na hagu da wuyan hannu, domin ƙashi na da nasa shekarun da ba lallai su yi daidai da na takardar haihuwa ba. Jinin bai nuna ciwo ba. Ƙashinsa ya nuna na yaro mai kimanin shekara 12 ne, wato yana da sauran filin girma da yawa a gabansa. Awon kuma ya nuna alamar farko ta soma bayyana.

Sai likitar ta juya ga uban ta ce, "Kai a wace shekara ka miƙe?" Uwar ce ta ba ni labarin abin da ya biyo. Ta ce mutumin ya yi shiru har ta zaci bai ji ba, sannan ya ce shi ne mafi ƙanƙanta a ajinsu har kusan ƙarshen sakandare, bai miƙe ba sai da ya haura 16, kuma nasa ƙanin, baffan yaron, ma haka. Shekara da shekaru suna tare, ba ta taɓa jin wannan ba. Yaron ya ɗago ya dube shi ya ce, "Baba, kai ma?"

Wannan shi ne nau'in jinkirin da ya fi yawa a tsakanin yara maza: na gado, wanda ba ciwo ba ne. Jiki na bin hanyar da kowa ke bi, a makare kawai. Masu shi galibi suna kaiwa tsayin da ya yi daidai da na danginsu, ko su ɗan gaza kaɗan. Ga wanda abin ya dame shi ƙwarai kuma ya haura 14, likitoci kan ba da allurar testosteron, sinadarin da ke tafiyar da balagar namiji, kaɗan-kaɗan na 'yan watanni don a zaburar da jikin. Likitar ta bayyana musu wannan zaɓi, amma tun da balagar ta riga ta motsa, ta ba da shawarar a jira, a sake awo bayan wata shida.

Ina ganin shawarar daidai ce. Amma akwai abin da nake so manya su riƙe a nan. "Ka yi haƙuri, za ka girma" magana ce mai sauƙi a bakin wanda ya haura 40. Ga yaron da zai shiga ɗakin sauya kaya ranar Talata mai zuwa, shekara biyu ba ta da iyaka. Sakamakon likita ya cire masa tsoron cewa shi nakasasshe ne, tsoron da ya ɗauka shi kaɗai yana ta bincike a intanet cikin dare. Bai cire masa 'yan ajinsu ba. Tun a 1950 Mary Cover Jones da Nancy Bayley, a jihar Kalifoniya, suka kwatanta yara maza masu saurin balaga da masu jinkiri, suka ga masu jinkirin sun fi fama da neman a kula su, kuma sa'o'insu ba su cika ba su matsayi ba. Yaran da aka yi nazari a kansu ba su da yawa, bai kamata a ɗora wa sakamakon nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Da Jones ta sake bibiyarsu sun zama magidanta, bambancin jiki ya ɓace. Shekarun tsakiyar nan ne ke buƙatar a tsaya wa yaro.

Barcin da ba ya samu

Barci a aji shi malamai suka fi ɗauka a matsayin raini. Da muka lissafa tare, yakan kwanta da waya a hannu har wajen ƙarfe biyu na dare, a tashe shi ƙarfe shida. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a matsayar da ta fitar a 2016, ta ce mai shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10. Shi rabin mafi ƙarancin yake samu. Da wannan kaɗai ana iya bayyana zubewar maki, saurin fushi da ciwon kan safe.

Akwai bayanin da ya shahara a wannan fanni, kuma gaskiya ne: Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ta nuna cewa da shigowar balaga agogon jiki na ja baya, sinadarin melatonin mai kawo barci na makara wajen fitowa, don haka matashi ba ya jin barci da wuri ko da ya so. Dalilin ke nan da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa kada makarantun matasa su fara darasi kafin ƙarfe 8:30. Sai dai ban yarda wannan ne ke damun yaron nan ba. Jan bayan agogon na tafiya ne tare da matakin balaga, shi kuwa yanzu ya sa ƙafa a matakin farko. Ba jikinsa ne ya hana shi barci ba, gadi yake yi. Yana buɗe rukunin ajinsu ya rufe, ya sake buɗewa, don ya ga ko an ambace shi. Ya ce in ya ga abin da aka rubuta da dare, ya san da me zai tarar da safe. Wanda ya ƙwace wayar bai taɓa tsoron ba. Ya ma ƙara shi, domin yanzu yaron bai san me ake cewa ba.

Saboda haka ba a fara da dokar waya ba. An fara da abin da ke cikin wayar.

Makaranta

Dan Olweus, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin cin zali tsakanin ɗalibai a ƙasar Norwe, ya bambanta shi da faɗan yara na yau da kullum da abu uku: ana yi da gangan, ana maimaitawa, kuma ɓangare ɗaya ya fi ƙarfi. Duk ukun sun cika a nan. Rahoton UNESCO na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan makarantarsu aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci tambayar, kuma siffar jiki ce dalilin da aka fi ambata.

Shawarar farko da aka kawo ita ce a tara ɗalibai a hukunta masu laifin a bainar jama'a. Yaron ya roƙe ni kada a yi, kuma yana da gaskiya: da an yi, da sunan da bai wuce aji ɗaya ba ya karaɗe makaranta. Malamin aji ya kira jagororin abin su uku, ɗaya bayan ɗaya, ya nuna musu an san abin da suka yi, ya sa aka goge muryar, aka sanar da iyayensu. Amma su ukun ba su ne ƙarfin abin ba. Christina Salmivalli ta Jami'ar Turku a Finlan, wadda aikinta ya zama tushen shirin KiVa na yaƙi da cin zali a makarantu, ta nuna cewa masu kallo ne ke ciyar da cin zali: masu dariya, masu tura alamar dariya a waya, masu yin shiru. Malamin ya zaɓi ɗalibai kaɗan da ajin ke jin maganarsu, ciki har da kyaftin ɗin ƙwallo, ya yi magana da su a keɓe. Bai ce su ji tausayinsa ba. Ya ce su daina dariya kawai, kuma in ana raba 'yan wasa a kira shi da sunansa.

Malamar kimiyya ta gabatar da darasin balaga ga ajin baki ɗaya, ta zana tazarar shekarun a allo ba tare da ta dubi kowa ba. Ashe ba shi kaɗai ba ne. Bayan darasin wasu biyu suka same ta da tambayoyinsu, ɗaya kuma yarinya ce da ta riga kowa girma, ita ma tana shan nata. An kuma ba kowa damar zuwa da kayan wasa a jikinsa daga gida a ranakun motsa jiki, don kada sauƙin ya zama tambari a kan mutum ɗaya.

Batun dakatarwa na yi jayayya a kansa, har na samu aka janye. Yaron da ke gudun makaranta, in aka kore shi mako biyu, an miƙa shi ne ga samarin da ke ba shi sigari, da hatimin hukuma. Amma ban nemi a yafe zagin ba. Ya je ya ba malamin haƙuri. Malamin, wanda bai san abin da maganarsa ta taɓa ba, shi ma ya ce masa bai kyauta ba. Daga baya ya ba shi aikin riƙe agogo da rubuta sakamakon tsere, kafin a hankali ya koma cikin fili.

Uban da ɗansa

Aikin da ya fi wuya a gida yake. Uban ya yarda duka bai yi amfani ba, amma ya kasa sakin binciken waya. Ya ce, "To in ban duba ba, ta ina zan san abin da yake ciki?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma akwai binciken da ya amsa ta. Håkan Stattin da Margaret Kerr sun yi nazari a kan 'yan shekara 14 da iyayensu a Suwidin, suka wallafa a 2000. An daɗe ana cewa iyayen da suka san inda 'ya'yansu suke, 'ya'yan ba su cika lalacewa ba, ana danganta hakan da sa ido. Su kuwa suka tambaya: daga ina sanin ke zuwa? Sai suka tarar mafi yawansa daga abin da yaron ya faɗa da bakinsa ne, ba daga bin diddigi ba. A gidan nan ma haka ta kasance. Uban ya karanta saƙonnin wayar kaf, ya ga muryar da aka tura, ya ga sunan Jariri, ya wuce su yana neman maganar ƙwaya. Amsar na hannunsa bai gane ta ba, don babu wanda zai fassara masa ita sai yaron, shi kuwa an riga an rufe masa baki.

Wannan ba yana nufin a sakar wa yaro ragama ba. Ɓangaren ƙwaƙwalwa na gaban goshi, mai kula da tsara al'amura da danne zuciya, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20, don haka mai shekara 14 na buƙatar iyaka daga waje. Diana Baumrind tun a shekarun 1960 ta bambanta iyaye masu doka da bayani da jan yaro a jiki, da masu doka tsagwaronta. Abin da aka tsara ya bi sawun na farkon. Duk wayoyin gidan, har ta uban, suna kwana a falo daga ƙarfe goma. Ba za a sake buɗe wayarsa a ɓoye ba; in akwai damuwa za a tambaye shi, a duba tare. Shi kuma ya fito da wadda ke cikin takalmi, ya daina zuwa wajen samarin nan, kuma duk ranar da ya ji ba zai iya shiga makaranta ba ya faɗa, kada ya fita da jaka ya zarce wani wuri. Uwar ta ɗauki alkawarin daina rufa wa kowane ɓangare asiri. An ja kunnen ƙanin da yayar a kan tsokanar tsawo, iyayen kuma suka koyi katse baƙi in sun fara tambayar wane ne babba.

Na ba uban shawara ɗaya: ya ba ɗansa labarin nasa shekarun, ba don wa'azi ba. Ya yi hakan a mota, yana tuƙi, ba sa kallon juna. Yara maza da yawa sun fi iya magana a haka.

Inda aka tsaya

Abubuwa ba su miƙe lokaci guda ba. A makon farko na dokar waya ya yi ta juyi a gado har tsakar dare, sai a hankali barcin ya dawo wajen ƙarfe goma sha ɗaya, wanda har yanzu bai cika awa takwas ba. Ya sake yin fashi sau ɗaya, bayan wani ya kwaikwayi muryarsa a layin shiga aji. Bambancin shi ne da yamma shi ya gaya wa uwarsa kafin makaranta ta kira. Sunan Jariri bai mutu gaba ɗaya ba, amma ya daina samun masu dariya. Da aka sake tambayarsa game da tunanin kada gari ya waye, ya ce ya daina zuwa masa, likitar kuma ta ce za ta ci gaba da tambaya a duk zuwa.

A awon wata shida balagar ta ci gaba yadda ake so, tsawon ya ɗan motsa, ba a buƙaci allura ba. Kimiyya ta farfaɗo. Lissafi bai farfaɗo ba, domin darussan da ya rasa su ne tubalin na gaba, an sa masa ƙarin darasi sau biyu a mako har zuwa ƙarshen shekara. Izinin zuwa da kayan wasa daga gida na ajinsu ne kaɗai. Na rubuta wa hukumar makarantar a mayar da shi doka ga dukkan azuzuwa, tare da matso da darasin balaga zuwa shekarar farko ta sakandare, kuma maganar na jiran zaman malamai na zango mai zuwa.